Hoton Mai Gyara a Bakin Layin Teloli

Zuwa ga ɗana na ofishin jam'iyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka da jaririyar da har yau a hoto kawai muka san ta. Mu nan ƙalau muke. Jikin Babanku Mai Gyara da sauƙi, mun gode.

In girma ya mantar da kai, ni ce gwaggonka tela, wadda uwarta da kakarka suke 'yan wa da ƙane. Shekara biyu ka yi a ƙaramin ɗakinmu na baya lokacin kana karatu, kana kankare mana tukunya kana karanta mana jarida da ƙarfi ko ba mu tambaye ka ba. Na kira wayarka har yatsana ya gaji, kullum wata yarinya ce ke ɗauka ta ce kana cikin taro. Shi ya sa na sa tabarau na koma takarda, na ba direban motar da ke zuwa wajenku.

Na ce da sauƙi don haka ake cewa, amma ga gaskiyar magana. Ƙodojin Babanku sun gaza. Sau biyu a mako ake masa wankin ƙoda a babban asibiti, Litinin da Alhamis, in aka tsallake ɗaya ƙafafunsa su kumbura numfashi ya fara yi masa gardama. Abin da ya riƙe mu zuwa yau wani tsohon gwangwanin man keke ne. Duk ƙarshen mako Shugaban Teloli yake ɗaukarsa ya bi layinmu shago shago, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa. Ba roƙonsu muka yi ba. Shekara talatin Babanku yana gyara musu kekunan ɗinki, rabin gyaran kuwa da Allah ya saka aka biya shi, shi ne suke ramawa yanzu.

To ga jam'iyyarku ta zo da harajin lafiya. A layinmu kan keke ake biya, mai karɓa ya manna wata 'yar takarda a wuyan kowane keke kamar akuyar da za a kai kasuwa. Bana kaɗai sau biyu aka ƙara shi, kuma duk ƙarin da aka yi sai na ji gwangwanin ya rage nauyi. An ba mu kati, an ce da shi magani kyauta ne. Na kai shi tagar asibiti, yarinyar da ke wurin ta juya shi gaba da baya ta ce, “Mama, wannan na zazzaɓi ne da ciwon kai, bai kai ƙoda ba.” Na ce to ni ina biyan kuɗin ƙoda ana ba ni na ciwon kai? Ta ce in matsa, akwai mutane a bayana.

Ba kuɗinka nake so ba, na san albashi bargon talaka ne, in ka rufe kai ƙafa ta fito. Abin da nake so, ka tambayar mini wanda ake gani a sa ƙoda a cikin katin nan. An ce kai kake rubuta musu abin da suke faɗa, to ka ara mana bakin naka sau ɗaya. Naka sai naka.

Babanku yana gaishe ka, ya ce ko har yanzu kana tsoron kyankyaso.

Gwaggonka tela.

*

Gwaggo mai daraja,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, jaririya ta fara rarrafe, uwarta tana gaishe ku. Na yi farin ciki da jin jikin Baba da sauƙi. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, wasiƙarki ta kwana biyu a ƙarƙashin takardun ofis kafin ta iso hannuna.

Gwaggo, kada ki bari surutun 'yan layi ya rikita ki. Mu nan a hawa na bakwai muna ganin ƙasar gaba ɗaya, akwai wani babban allo a ɗakin taronmu da ke nuna kowace unguwa da launinta, taku kore ce shar. Muna da kamfanin da ke buga wa mutane waya yana jin ra'ayinsu, kuma bakwai cikin goma sun ce sun gamsu da harajin lafiya. Saboda haka matsalar ba harajin ba ce. Matsalar ita ce ba a yi wa jama'a bayani da yaren da za su gane ba.

Ga albishir. Daraktanmu na yaɗa labarai ya daɗe yana cewa muna da alƙaluma amma ba mu da fuska. An kawo masa 'yan wasan kwaikwayo ya ce duk sun yi ƙiba da yawa, ba wanda zai yarda sun taɓa ciwo. Sai na tuna da wasiƙarki, na karanta ta a taron safe. Na tsallake wurin yarinyar taga da wurin akuya, kin san ba komai ake faɗa a gaban manya ba. Da na gama Darakta ya buga tebur ya ce, “Wannan shi ne mutuminmu.” Har hannu ya ba ni, abin da bai taɓa yi ba.

Ranar Alhamis mai zuwa masu ɗaukar hoto za su zo su ɗauke ku zuwa sabon ɓangaren asibiti da jam'iyya ta gina. A sa wa Baba fararen kaya, a yi masa aski. Ke ma ki sa abin kirki, amma kada ya yi tsada a ido. Da zarar aikin ya fita, maganar kati ta ƙare, don ba yadda za a yi fuskar shirin lafiya ta rasa lafiya. Darakta da bakinsa ya ce a bar masa wannan.

Ki ce wa Baba a ofishinmu babu kyankyaso, tagoginmu ko buɗuwa ba sa yi.

Ɗanki mai biyayya.

*

Ɗana,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya raya jaririya. Jikin Babanku dai ga shi nan, muna godiya.

Mutanenka sun zo, mota biyu. Tun a ƙofar gida na gaya wa shugabarsu, wata mai tabarau a saman goshi, cewa Alhamis ranar wankinsa ce, a bari mu je a yi masa tukuna. Ta ce fitilu da na'urar hoto na haya ne, yau kaɗai suke hannunsu, kuma ai inda za mu ma wurin wankin ƙoda ne. Na ji haka hankalina ya kwanta, ashe ganin kitse na yi wa rogo.

Sabon ɓangaren yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba. Ƙamshin fenti, gadaje a jere, injinan wanki sababbi ful. Sai dai duk a cikin ledarsu suke, wayoyinsu a naɗe, bangon ma ba a sa masa wurin jona wuta ba. Suka yage ledar guda ɗaya suka kwantar da Babanku kusa da shi. Wani yaro ya manna masa roba a hannu da salatif, ba allura ba komai, ya ɗura wani jan ruwa a cikin robar daga kwalbar lemo. Wata kuma ta zo da akwatinta ta shafe masa fuska da hoda, wai ya yi duhu da yawa.

Sai aka ce ya yi dariya. Mutumin da tun safe numfashinsa ke sama-sama. Ya yi ta yaƙe haƙora suna cewa a sake, har mai tabarau ta fara duba agogo tana tsaki. Ta juyo ta ce, “Mama, ke kika san mijinki, zo ki tsaya bayan na'ura ki ba shi dariya.” Na je na tsaya, na dube shi da hodar nan har kunne, na ce, “Malam, saura kwalli da jan baki in kai ka gidan miji.” Wallahi, ɗana, sai Babanku ya tuntsire, irin dariyarsa ta da mai haɗe da buga cinya, wadda rabona da jin ta tun kafin ciwon nan. Ni ma na yi, har da hawaye. Suka ce shi ke nan, an samu.

Kafin su naɗe wayoyinsu su sauke mu a tsohon ɓangare, an ba wani gadonsa. Ma'aikaciyar jinya ta ce injin ba ya jiran kowa, sai Litinin. Kwanakin nan a zaune ya yi su, jingine da bango, ƙafafu kamar an hura. Ban ji daɗi ba, kuma na gaya maka don ka sani. Amma shi ya ce in bar ƙorafi, wanda zai sha zuma sai ya sha harbi.

Yanzu sai maganar kati. Yaushe zai zo, kuma wa za mu nema?

Gwaggonka.

*

Ɗana,

Ina gaisuwa. Ban ga amsarka ba, direba ya ce ya ba mai gadinku hannu da hannu. Ba zan iya jira ba, don ana kukan targaɗe sai ga karaya.

An kafa allo a bakin layinmu, tsayinsa ya fi shagona. Babanku ne a kai, baki buɗe yana dariya, roba a hannu. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: JIKI DA SAUƘI, MUN GODE. HARAJIN LAFIYA YA CECE NI. Rabin farko na gane shi, daga gaisuwar wasiƙata ka yanko. Kai ma ka san ko mutum yana kan gargara haka ake cewa. Rabi na biyu kuwa ban san uban da ya faɗe shi ba.

A makon da aka kafa allon aka sake ƙara harajin. Mai karɓa ya bi layi yana manna sabuwar takarda, duk wanda ya yi magana sai ya nuna masa allon da biro ya ce, “Ga inda kuɗinku ke zuwa, ku tambayi maƙwabciyarku.”

Ƙarshen mako ya zo, gwangwani bai zagaya ba. Na daure. Na biyu ya zo, shiru. Na cire kunya na sami Shugaban Teloli a shagonsa, yana yanka yadi, ko ɗago kai bai yi ba. Na ce, “Shugaba, lafiya na ga an manta da mu?” Ya ajiye almakashi ya ce, “Hajiya, ba a manta ba. Mutane ne suka ce tun da jam'iyya ta ɗauki nauyinsa, a bar su su ji da nasu. Akwai wanda ya sayar da keke ɗaya don ya biya wa ɗayan haraji, kullum ya fito Mai Gyara yana masa dariya daga sama. Da wane bakin zan miƙa masa gwangwani?” Na rantse masa ko ƙwayar magani ba a ba mu ba. Ya ce, “Ni na yarda da ke. Amma wa zai yarda an yi wa mutum allo kamar wannan kyauta? Kawo mini takarda daga wurinsu, ko layi ɗaya ne, cewa ba su biya masa komai ba, ni kuma in bi shago shago da ita.”

To ka ji abin da nake roƙo yanzu. Na bar maganar kati, ku riƙe abinku. Layi ɗaya nake so a takardar ofishinku mai tambari, cewa jam'iyya ba ta biyan kuɗin wankin Mai Gyara. Gaskiya ce, kuma rubutu sana'arka ce, ba zai ɗauke ka tsawon shan ruwa ba. Wankin Litinin da 'yan kunnena na biya shi.

Gwaggonka.

*

Gwaggo,

Muna lafiya, sai dai aiki ya yi yawa, zaɓe ya ƙarato. Wasiƙunki biyu sun iso tare.

Na ji daɗi da kika ce kowa a layinku yana maganar allon. Na gaya wa Darakta, ya ce abin da ake nema ke nan, tallan da ba a maganarsa asarar kuɗi ne. Hoton Baba yanzu yana manyan hanyoyi duka, dariyarsa kuma tana gidajen rediyo safe da yamma. Kamfanin jin ra'ayi ya ce ita ce tallar da mutane suka fi tunawa. Ya kamata ki yi alfahari.

Maganar takarda kuwa, Gwaggo, kin san abin da kike nema? In na rubuta layin nan, kafin la'asar yana hannun 'yan adawa, kafin magariba ni kuma ina waje da kwalin kayana. Ina da mata da 'ya. Kuma ba daidai ba ne a ce jam'iyya ba ta biya, abin da ya dace a ce shi ne ba ta fara biya ba tukuna. Maganar Baba tana kan teburin Darakta, bayan zaɓe ita ce ta farko. Ku ɗan lallaɓa zuwa lokacin.

Teloli kuma hassada ce ke damunsu, ba wani abu ba. Irin mutanen nan in ka bi tasu ba za a taɓa gina ƙasa ba. Ban ji daɗin yadda kika ce na yanko maganarki ba. Ke kika rubuta, ni ban ƙara miki ko wasali ba a wannan rabin.

Don ki san ba a manta da ku ba, na sa an aiko muku da kwali biyu na riguna da huluna masu hoton Baba, da agogon bango. Ki raba wa 'yan layin, za ki ga sun sauko. Mutanenmu ba su da wuyar sha'ani in aka san hannunsu.

Ɗanki.

*

Ɗana,

Na gaishe ka don gaisuwa wajibi ce. Jikin Babanku babu sauƙi. Ka karanta wannan da kyau, ba na so a sake yanko mini magana.

Kwalayenka sun iso. Motar jam'iyya ce ta kawo su har ƙofar shagona da rana tsaka, tana hon, samari biyu suka sauke suna kirari. Duk layi aka fito ana kallo. Wanda yake da sauran shakka a kan an saye mu, ranar ya huta. Matar da muka yi shekara ashirin muna aron zare da ita ta leƙo ta ce, “Hajiya, an fara sauke rabon ke nan? Allah ya sa albarka.” Tun daga ranar ba wanda ya ƙara kawo mini ko ɗinkin maɓalli.

Na ce bari in nemi jam'iyyar taku a nan kusa, tun da ta sama ta yi mini nisa. Na je ofishinku na unguwa. Ƙofa da kwado, tuta ta koɗe ta zama tsumma, ta taga na hango kujerun roba a kife kan juna. Mai sayar da katin waya a gefen ya ce rabon da a buɗe tun zaɓen da ya wuce, ranar da aka raba musu sabulu. Na tambaye shi ko kamfaninku mai buga waya ya taɓa kiransa. Ya ce shi dai bai san wanda aka taɓa kira ba, amma ya ji an ce bakwai cikin goma, wataƙila su goman a gida ɗaya suke.

Na sayar da kekena. Babanku ne ya haɗa mini shi da hannunsa shekarar da muka yi aure, mai saye ya ce bai taɓa jin keke mai laushin tafiya irinsa ba, sannan ya taya shi kamar tsohon ƙarfe. Da kuɗin muka koma wanki sau ɗaya a mako. Likita ya ce sau ɗaya wasa ne da rai, na ce na sani.

Duk ranar asibiti sai mun wuce ƙarƙashin allon nan, ba wata hanya. Yaran unguwa suna bin mu suna waƙar ya cece ni, ya cece ni. Shi kuwa sai ya ja hula ya rufe ido. Jiya ya ce mini, “Da na san dariyar nan za ta yi tsada haka, da na riƙe abata.” Na ce ai ni na ja maka. Ya ce a'a, wannan ɗaya dai ba ya nadamarta.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, na yarda, ni na rubuto maka da hannuna. Amma shi me ya yi? Layi ɗaya, ɗana. In ba za ka sa tambari ba, ka sa sunanka kawai.

Gwaggonka.

*

Gwaggo,

A gurguje nake rubutu, ina fatan kuna lafiya. Na ga akwai wasiƙarki a tire, zan karanta ta a natse bayan wannan makon, yanzu ko abinci a tsaye muke ci.

Babban labari. Ranar Asabar za a yi gangamin ƙarshe a filin wasa na garinku, kuma Darakta ya amince Baba ya hau dandamali ya tsaya kusa da ɗan takara. Ba sai ya yi magana ba, hannu kawai zai ɗaga ya yi dariyar nan tasa. Mota za ta zo ɗaukarsa da hantsi. Ya sa rigar da na aiko. Ki tabbatar ya ci ya ƙoshi ya yi barci sosai kwanakin nan, don kada a ga bambanci da hoton.

Wannan dama ce da mutane ke nema da kuɗinsu, kada a ba ni kunya.

Ɗanki.

*

Ɗana,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Babanku ya rasu ranar Laraba da safe, a zaune, kansa a kafaɗata. An yi masa sutura kafin azahar. Wasiƙarka ta gangami ta iso muna dawowa da tabarmi.

Teloli sun zo, ba zan ci haƙƙinsu ba. Sun rufe layi gaba ɗaya, su suka ɗauke shi. Shugaba ya tsuguna a gabana yana kuka kamar yaro, ya ce, “Hajiya, ashe da gaske kike.” Ya ajiye mini gwangwanin nan cike har baki. Na ce ya mayar wa masu shi, ihu ne bayan hari, injin ba ya wanke wanda ke ƙasa.

Ranar Asabar muna zaune da mata a tsakar gida ana karɓar gaisuwa, sai na ji shi. Dariyarsa, daga bakin titi, da ƙarfi, har da bugun cinyar. Ɗana, ni na rufe masa ido da hannuna, amma ban san lokacin da na miƙe ba. Na fita ba takalmi ba mayafi, ina cewa ga ni nan, Malam. Motarku ce, da lasifika huɗu a kanta. Dariyar ta ƙare wani ƙato ya ce harajin lafiya ya cece ni, sai ta sake farawa. Wani saurayi da hular hotonsa ya sauko ya ce, “Mama, ina tsohon? Mun makara fa.” Maza suka yi kansa, ni na shiga tsakani. Ba don tausayinsa ba. So nake motar ta ƙara tsayawa kaɗan in sake ji.

Ba zan zage ka ba, uwarka tana da rai kuma ina jin kunyarta. Layin da na roƙa ka riƙe shi, ya gama amfani. Abu ɗaya ya rage. Ba mu taɓa ɗaukar muryarsa ba, ba mu san ana yi ba. Dariyar nan da ke hannunku ita kaɗai ta rage a duniya, kuma ni na ba shi ita. Ka cire mini maganar ƙaton, ka sa dariyar kaɗai a waya ko a faifai ka ba direba. Daga nan ba za ka ƙara ganin takardata ba.

Gwaggonka.

*

Gwaggo,

Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙuri. Na so zuwa gaisuwa amma abubuwa sun caɓe. Da kin sanar da ni da wuri da ba a tura motar ba, don sai da Darakta ya tsayar da ni a gaban kowa a kan maganar.

Kin ji yadda zaɓe ya kasance. An rufe hawa na bakwai, an sallame mu duka, ko kujerar da nake zama an ɗauke. Maganar sautin da kika nema, na tambaya. Kayan kamfanin talla ne, ba namu ba, kuma da jam'iyya ta faɗi sun goge aikinmu duka don su sami wurin aikin sababbin masu mulki. Da akwai shi a tsohuwar wayata, amma na share da ta cika, hotunan jaririya sun yi yawa. Ki yi haƙuri, ai dariya ce kawai, kina da hotonsa a riguna. Allon ma an biya kuɗinsa har ƙarshen shekara, ba wanda zai taɓa shi.

Ni yanzu neman aiki nake, ga haya ga iyali, ki sa ni a addu'a. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne akwatin zaɓen layinku, inda muka kafa allo mafi girma a garin, ko ƙuri'a goma ba mu samu ba. Na yi ta juya abin a raina na kasa gane kansa. Mun gina asibiti, mun ba da kati, mun yi bayani da yaren da kowa zai gane. Ke da kike zaune cikinsu, Gwaggo, ki gaya mini tsakaninki da Allah, me muka yi wa mutanen nan?

Ɗanki mai biyayya.